Ƙaramin Famfon Obrad

Shekara arba'in da ɗaya Obrad ya yi yana haɗa wa mutane famfo, tun daga ƙauyenmu har cikin garin Negotin, amma aikin da ya fi alfahari da shi a duniya ba ya iya nuna wa kowa.

Shekara uku da suka wuce ciwon zuciya ya kayar da shi, ya yi kwana goma sha biyu a asibiti. Likita ya hana shi rakiya, barasar inabin nan tamu da ta ci sunanta, don ta raka mazan ƙauyen nan da dama zuwa makabarta. Matarsa Leposava ba ta yarda da alkawarin fatar baki ba. Ta sa ya ɗora hannu a kan hoton Waliyyi Iliya, waliyyin gidansu, ya rantse. Ta kuma gaya masa duk ranar da ta kama shi da kofi a hannu, ranar za ta ɗaure kayanta ta koma wurin 'yarsu Jagoda a Vienna. Leposava kuwa ba ta faɗar magana sau biyu, Obrad ma ya san ba zai kai mako a gidan nan ba tare da ita ba.

Ya rantse da zuciya ɗaya, ya kuma riƙe rantsuwar mako biyar cur. Wata Laraba da ta tafi kasuwa sai ya hau da ganga mai lita hamsin ɗakin tarkace na ƙarƙashin rufi, ya ɓoye ta bayan karyayyun kujeru, ya cika ta taf da rakiya. Ya jawo bututun tagulla siriri kamar fensir ta cikin bango, ya biyo da shi bayan kabad, ya fito da shi ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya sa masa ɗan famfo bayan kwalin garin sabulu. Daga ranar nan gidan Obrad ya zama gidan da ruwa ke yawan yoyo. Sau uku a rana zai ce ya ji ɗiga, ya durƙusa, ya cusa kai, ya fito yana share gashin baki. Duk wata shida likita ya yaba masa, shi kuma ya dawo yana dariyar likitoci a zuci. Abin da ya fi ba shi mamaki, famfon bai taɓa ƙafewa ba. Bai sake hawa ya duba ba, ya dai ɗauka Waliyyi Iliya ne ya yafe masa har da ƙari.

Sai ga Jagoda da mijinta Zdravko sun zo bikin slava, ranar waliyyin gida, biyu ga Agusta, da firji a bayan babbar mota. Firji ne mai ƙofa biyu, ya fi Obrad tsawo, wai da kansa yake yin ƙanƙara in an haɗa masa ruwa. Zdravko likitan haƙori ne, mutum mai ladabi, wanda shekara goma sha ɗaya yana neman surukinsa ya ce masa "madalla" bai samu ba. Obrad ya taɓa ganinsa yana buga ƙusa, tun daga nan ya yanke masa hukunci.

Aka jona firjin da wuta tun jajibiri. Obrad ya ce batun ruwa a bari sai bayan biki, aikin manya ne. Da safe ya ɗauki burodin slava ya tafi coci don limamin ya yanka ya sa albarka. Ya dawo wajen ƙarfe goma ya tarar da Zdravko a bakin ƙofa, hannun riga a naɗe, bakinsa har kunne.

"Baba, na hutar da kai. Na haɗa."

"Ka haɗa me?"

"Ruwan firji. Ashe ma ka riga ka yi rabin aikin. Wannan ɗan famfon na bayan sabulu, kai ka ce don shi aka yi, ko zare ban naɗa ba. Takarda ta ce nan da awa huɗu zai fara zubo ƙanƙara."

Obrad ya dubi ƙofar kicin. Ko jariri a ƙasar nan ya san rakiya ba ta daskarewa, kowane gida akwai kwalba kwance a gidan ƙanƙara tun bara. Ya hango abin da zai faru sarai. Inji zai cika farantinsa, ya jira awa huɗu, ya juye, barasa ta malalo ta cika kicin da ƙamshi a gaban Leposava da mata goma sha biyu. Rana dubu ta ɓarawo, ga ta mai kaya ta zo da ƙofa biyu.

Aikin minti uku ne da a ce zai samu kicin ɗin shi kaɗai. To amma ranar slava ce. An kunna kyandir, baƙi sun fara cika tsakar gida a ƙarƙashin rumfar inabi, kuma mai gida ba ya zama, ba ya ɓacewa, a tsaye yake yana hidima har baƙo na ƙarshe ya tashi. Haka kakansa ya yi, haka ubansa. Kicin kuwa ya zama fadar mata, ko kyanwa sai da izini.

Ya gwada duk da haka. Ya shiga da sunan neman gishiri, ya fara sunkuyawa, Leposava ta ce masa ba tare da ta ɗago daga tukunya ba, "Tsoho, gishiri a sama yake." Ya koma. Da aka fito da gasasshen rago ya sake zagayowa, ya zura hannu bayan firji zai zare waya, Jagoda ta riƙe masa hannu, ta ce kek uku ne a ciki, in suka narke ita da shi ne. Ya fito yana zufa, mutane suna ta yaba masa ƙoƙari.

Dabara ɗaya ta rage, ya sa a kashe injin ƙanƙarar da bakin mutane. Ya fara da tsofaffin mata, waɗanda dama sun yi imani ruwan sanyi ke kashe mutum. Ya tuna musu wani ɗan ƙauyen da ya sha ƙanƙara a bakin teku ya dawo murya a shaƙe. Suka gyaɗa kai. Sannan ya juya kan maza, ya ce irin wannan firji don ruwan Vienna aka yi shi, ruwanmu nauyi gare shi, gara a rufe kafin ya ƙone.

Milutin, amininsa tun suna yara, wanda ya tsaya masa ranar aure kuma bai daina tsokanarsa ba tun ranar, ya ajiye ƙashin da yake gaguya.

"Kai dai faɗi gaskiya, kishi kake. Mai cire haƙori ya ƙwace maka sana'a."

"Sana'ar me? Wannan ko tiyo bai iya riƙewa ba."

"To in ya yi ƙanƙara fa?"

"In abin nan ya haifi ƙanƙara ko ɗaya," in ji Obrad, "a aske min gashin baki a gaban kowa."

Aka kwashe da dariya. Zdravko ma ya yi, irin ta wanda aka taka wa ƙafa a cikin jama'a, ya sunkuyar da kai kan farantinsa. Obrad ya gani, abin ya sosa masa rai, don mutumin bai yi masa komai ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Ba wanda ya kashe injin. Maimakon haka ma aka buɗe tagar kicin don kowa ya ji. Ƙarfe biyu ta wuce. Obrad yana zuba wa mutane abin sha, yana ta shirya kalaman da zai faɗa wa matarsa, kowanne ya fi na baya muni. Can wajen biyu da rabi firjin ya yi wani gurnani, ya yi shiru, sannan aka ji ƙwararrar a cikin roba.

Jagoda ta fito da kwano a sama kamar ta ciyo kofi. Ƙanƙara ce, ƙanana, masu ɗan duhu, amma ƙanƙara. Zdravko ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Aka yi ta tafi, Milutin yana ƙwala wa matarsa kira ta je gida ta ɗauko reza. Wani ya jefa guda a baki ya ce kai, Vienna ta ci gaba, ƙanƙararsu ma ƙamshin inabi take, har da ɗan yaji-yaji.

Obrad ya ɗauki ɗaya. Ya juya ta a tafin hannu, ya lasa. Ɗanɗanon da ya sani ne, na kowace safiya da rana da yamma. Ya tsaya yana kallonta tana narkewa tsakanin yatsunsa, kansa ya ɗaure tamau.

Mata duk sun fito kallo, kicin ya zama babu kowa sai Leposava tana yanka kek. Ya shiga ya tura ƙofa.

"Tsohuwa, rakiya ba ta daskarewa."

"Haka nake ji."

"Wannan ta daskare."

"To ka ga ba rakiya ba ce ke nan." Ta goge wuƙa a jikin tsumma. "Ni na nuna wa yaron famfon, in kana son sani."

Ta faɗa masa sauran tana jera kek a faranti, kamar mai ba da labarin farashin kabeji. Kwana huɗu da gama aikinsa ta gano, don a shekara arba'in ba ta taɓa ganin ya damu da yoyon gidansa ba sai na gidan mutane. Tun daga nan duk Lahadi, in ya tafi wurin Milutin buga karta, sai ta hau ta mayar da abin da ya sha da ruwa. Da ƙarfin ya fara mutuwa ta riƙa jiƙa busasshen inabi da ɗan barkono, don ya ji zafi a maƙogwaro. A lissafinta ya fi shekara ɗaya da rabi rabonsa da abin da zai bugar da kaza.

Obrad ya tuna ranakun da ya fito daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana tangaɗi, har da waƙa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Me ya hana ki tafiya Vienna?"

"Cewa na yi in na kama ka. Shi ya sa in ka durƙusa nake juya baya." Ta miƙa masa farantin. "Da na fasa gangar, da ka koma sha a gidan Milutin, can kuwa ba ni da tsani. Amma na gaji, Obrad. Matakala goma sha huɗu ce, ga bokiti. Ka haɗa abin nan da ruwan gari kowa ya huta."

Sai a lokacin ya dubi ƙafafunta. Gwiwoyinta sun kumbura, ta ɗaure ta hagu da tsohon ɗankwali a ƙarƙashin safa, tana tsaye ne a kan ta dama kawai. Shekara uku yana durƙusawa dab da ƙafafun nan sau uku a rana, bai taɓa gani ba. Tausayinta ya kama shi.

Ya ajiye farantin, ya jawo kujera ya zaunar da ita, ya ɗauki wuƙar ya ci gaba da yanka kek ɗin, a karkace.