Lamba Ɗari Biyu da Sha Biyu

Ina bin asalin gidanmu a tsofaffin rajistocin asibitin masu zazzaɓi na garinmu, sai na ci karo da sunan ƙanwar babana, Effie Rennie, shekarar 1934, ciwon mashaƙo. Na tafi wajen yayarta, Goggo Ishbel, wadda ta haura casa'in.

Ta ce, "Ɗiyata, wa ya aike ki tone-tone? Zauna."

Effie na da shekara biyar aka zo da mota aka ɗauke ta, aka ƙone katifarta. Ba a barin kowa shiga asibitin. Lamba suke ba mara lafiya, jaridar yamma ta buga lambobin kashi uku: masu samun sauƙi, masu jin jiki, da waɗanda ake neman iyayensu maza-maza. Ta Effie ɗari biyu da sha biyu ce. Innarsu ba ta iya duban shafin, sai Ishbel ta karanta mata.

Rana ta tara Ishbel ta bi layukan da yatsa har sau uku.

"Inna, babu ita."

"A wane layi?"

"Ko'ina babu."

Kowa a unguwar ya san ba a buga lambar mamaci. Inna ko mayafi ba ta ɗauka ba, suka kama hanyar asibiti cikin yayyafi.

Mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, ko matar likita ce ke, nan za ki tsaya."

Suka zagaya baya, inda iyaye suka tara tubala a gindin tagogi. Inna ta hau ta leƙa. Gadon Effie wayam, an naɗe katifar. Ta sulale cikin taɓo.

Ishbel ta hau ta dinga bugun gilashin har wata nas ta zo fuska a ɗaure. Ishbel ta ɗaga mata yatsu, biyu, ɗaya, biyu. Nas ɗin ta juya ta tafi, ta daɗe ƙwarai. Can sai ga ta rungume da yarinya an aske mata kai, da bututun ƙarfe a maƙogwaro. Ashe numfashin Effie ne ya toshe, aka huda wuyan, aka mai da ita wani ɗaki, mai kai wa jarida lambobi ya tsallake ta.

Effie ta dawo gida bayan mako bakwai. Muryarta ba ta ƙara fita sosai ba, da raɗa ta yi ta magana har ta tsufa.