Masarar da Inna Ta Ɓoye

Da masu farar mota suka raba mana sabon irin masara kyauta, kowa a ƙauyen ya daka tsohon irinsa ya ci. Mu ma haka. Surukata Inna ce kaɗai ta yi ta mita har ta koma ga Allah, mu kuwa muna cewa rigimar tsufa ce.

Sabon irin yana yi, ba ƙarya, amma a gonar Mai Injin, attajirin ƙauyenmu, inda akwai taki da ruwan famfo. A tamu mai tsakuwa ya ɗan taɓuka a shekarar farko. Da muka shuka 'ya'yansa sai kara ya yi ta tsawo, babu goyo. Ashe duk shekara sai an sayo sabo. Da me? Motar kuwa ba ta sake bin hanyarmu ba.

Bana hadari ya fara haɗuwa, gona a share, ba abin jefawa a rami. Na bi gida-gida ina neman tsohon irin, gajeren nan mai jure fari. Matar maƙeri ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Yaya, ai tare muka cinye shi. Ke ce ma kika ara mini turmi."

Na dawo raina a ɓace, na shige tsohon madafin Inna don in yi kukana ba mai gani. Ina ɗaga kai sai ga masara biyu soke a cikin rufin, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin. Ashe tsohuwar ba a baki kawai ta tsaya ba.

Maigidana ya ɓare su da kansa a kan tabarma, yana bin duk ƙwayar da ta gangara. Mutumin da kwanan nan sai an yi da gaske yake magana, yau har da shiri.

"Bana iri kawai za mu noma. Baɗi mu sam wa maƙwabta."

"Bari in gwada tukuna," na ce.

Na ɗebo ruwa a kwano yadda Inna take yi: mai rai ta nutse, wadda ƙwari suka cinye cikinta ta taso. Na zuba. Suka rufe saman ruwan gaba ɗaya.

"Ba su jiƙa ba ne," in ji shi. "Danna su."

Na sa tafina na danna har ƙasan kwanon, na riƙe. A waje yayyafi ya fara sauka. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

"Ɗaga mu gani mana."

Na kasa ɗagawa. Ina jin su a ƙarƙashin hannuna, ba nauyi, suna sulalewa ta tsakanin yatsuna suna tasowa.