Tiren da Enid Ta Hura wa Numfashi

Shekara talatin Alaric Pocock yana tara tirarrukan azurfa a gidansa da ke garin Ludlow, amma bai taɓa mallakar irin wanda ya samo a gwanjon makon jiya ba. Tire ne mai hannu biyu, an yi wa bakinsa ado kamar tufkar igiya, ga tambarin wani tsohon gida an sassaƙa a tsakiya. A bayansa hatimin ɗan zaki da ake buga wa azurfar ƙwarai yana nan raɗau. Tuni ya shaida wa abokansa na ƙungiyar masu tara azurfa cewa ranar Asabar zai nuna musu tiren da ya shekara ɗari biyu hannun mai gyara bai taɓa shi ba.

Ranar Alhamis ya gayyaci maƙwabciyarsa Enid Garside shan shayi. Tun tana budurwa take goge azurfa a gidajen manya, har gwiwa ta gaza.

"To, malamar goge-goge, zo ki ga abin da ba ki taɓa gani ba."

"Kai dai zuba shayin, tsoho. Bara ma haka ka ce."

Ta ɗauki tiren, ta kai shi bakin taga, ta bi gefensa da yatsa a hankali.

"Wanda ya ƙera wannan ya san Allah ya ba shi hannu," in ji ta.

Alaric ya gyara zama. Sai ya ga ta sunkuya ta hura wa tambarin numfashi, irin yadda ake yi wa tabarau. Raɓa ta lulluɓe azurfar, kafin ta bushe wani siririn layi ya fito, ya kewaye tambarin, ya ɓace.

"Sake," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta sake. Layin ya dawo.

"Faci ne, Alaric. An yanke tambarin masu shi na farko, aka liƙa sabuwar azurfa, aka sassaƙa na waɗanda suka saya. Haka ake yi in gida ya mutu."

Ya tuna fuskar Hubert, shugaban ƙungiya, wanda ba ya mantuwa da kuskuren kowa. Ya yi tunanin ko ya ce ba shi da lafiya ranar Asabar. Ko kuwa ya ajiye tiren nesa da bakin mutane.

Enid ba ta ko dube shi ba, tana ta juya tiren.

"Na ga faci ya fi ɗari, dukansu da ido nake kama su. Wannan kuwa, shafa ka ji. Babu tudu, babu kwari. Mutumin nan ya yi kwanaki a kan aikin da burinsa kada kowa ya gani."

Alaric ya shafa, bai ji komai ba. Ya hura da kansa, ya tsaya yana kallon layin har ya shuɗe. Bai san lokacin da ya yi murmushi ba.

Ranar Asabar ya ajiye tiren a tsakiyar tebur.

"Na yi muku cika baki, kuma na yi kuskure," ya ce. "Akwai gyara a jikinsa. Hubert, ga madubinka mai ƙara girman abu, nemo mana shi."

Hubert ya duƙufa har shayinsa ya huce. Alaric ya bar shi ya wahala sosai, sannan ya ce masa ya matso da bakinsa.