Gwanki a Gindin Tsamiyar Labaran

Ba Labaran mahauci ne ya gayyato baƙon ba. Daga fada aka aiko masa da shi a farkon damina, wai tunda zaurensa biyu ne ya ba shi ɗaya. Saurayi ne dogo, baƙi kamar kowa, sunansa Daniyel, daga wata ƙasa ta bakin teku da ake kira Saliyo. Ya biyo ayarin fatake har Talata Mafara da akwatin magani da bindiga. Ya ce kakarsa Bahaushiya ce, a bakinta ya ɗauki Hausa, kuma ya zo ne ya ba dangin kakarsa labarin Almasihu. A fada aka ce masa Annabi Isa dai an san shi, ya riƙe wa'azinsa, amma in magani ne ya yi.

Ya kuwa yi. Zauren mahauci ya koma wurin wankin gyambo da naɗe kurkunu a tsinke. Sai dai ƙafarsa ba ta zama. Yau ya tafi Bakura ya haye gulbi a kan gora ana ta yi masa ihun kada, gobe ya hau duwatsun Maradun zuma ta koro shi da kumburarren ido. Ya dawo yana dariya yana ba da labari, Labaran ya ce, "Allah shi shirya," ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Abin da Labaran ya damu da shi ɗaya ne, wurinsa na gindin tsamiya a kasuwa. A nan ubansa Shehu ya yi fawa har ya tsufa, kuma a layin mahauta duka babu inuwa irin ta. A sana'ar nan, ranar da aka ce wane ya sayar da mushe, ranar ya bar kasuwa.

Wata Talata ya yanka bijimi mai kyau, ya shimfiɗa fata, ya kasa nama kashi-kashi. Sai aka kira shi kara, wurin cinikin shanu, ya duba wata saniya. Kamar yadda mahauta suka saba, ya ce wa maƙwabcinsa, "Balarabe, ga amana nan."

"Tahi abinka," in ji Balarabe.

Da ya dawo, tun daga nesa ya hangi mutane sun yi cincirindo a tsamiya. Ya kutsa. Ga Daniyel durƙushe a kan fatar, hannu duk jini, wuƙar Labaran a hannunsa. Ga jaki a ɗaure, ga kan gwanki da ƙahoninsa a gefe. Kowane kashi ya ninka.

"Maigida!" Daniyel ya miƙe yana murmushi. "Dajin Damaga na samo shi. Na daɗe ina cin tuwon gidanka ban kawo komai ba. Na yayyanka na ƙara maka a kan kowane kashi."

Kafin Labaran ya buɗe baki, Balarabe ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "Baƙo, gwankin nan, wa ya yanka shi?"

"Yanka? Ai bai kai ga haka ba. Harbi ɗaya na yi masa a kai. Kafin in iso ya mutu."

Kasuwa ta yi salati. Wata tsohuwa da ta riga ta sa kashi ɗaya a ƙwarya ta juye shi a ƙasa tana kakkaɓe zane.

Labaran ya juya. Bai ma dubi baƙon ba, Balarabe ya nufa. "Kai ina kake sa'ad da anka yi wannan?"

"Nan nike."

"Kana kallo?"

"To mi zan ce? Baƙonka ne, gidanka yake kwana. Na ɗauka kun saba haka nan."

"Mun saba? Balarabe, ni da kai munka tashi wurin ga. Kalma guda za ka ce mai, bari! Ka zauna ka naɗe hannu sai da ya gama cakuɗawa, sannan bakinka ya buɗe?"

Aka riƙe shi. Can sai ga Gidaɗo, Sarkin Pawa, yana dogara sanda, mutane suna ba shi hanya. Ya tsaya ya dubi naman, ya daɗe.

"Labaran, kana iya rabe naka da nashi?"

Labaran ya duba. Zai iya, mafi yawa. Naman daji ya fi duhu, ba shi da kitse. Amma yaron ya yanka ƙanana, ya tura wasu ƙarƙashi, jini ya gauraya. Ko ya tsince tsaf, wa zai yarda?

"Sarki, ranka shi daɗe," Balarabe ya sa baki, "tsamiyar ga bakin hanya take. In baƙi sunka ji abin da anka kasa nan, mu duka za mu sha kunya. Gara a ba wanda..."

"Ban tambaye ka ba," in ji Gidaɗo. Amma bai ce ƙarya ya faɗa ba, kuma Labaran ya lura da haka.

Daniyel ya matso, murmushin ya ɓace. "Ranka ya daɗe, naman lafiya lau yake. Da hantsi na harbe shi. Ni ma zan ci a gabanku."

"Kai, rufe mana baki!" Labaran ya daka masa tsawa. "Wa ya ce maka ruɓewa ya yi? Ka ƙetaro ƙasashe don ka koya wa mutane hanyar Allah, ba ka taɓa tambayar yadda suke cin nama ba? Kullum kana ganina da wuƙa ina fuskantar gabas, ka ɗauka wasa nike? Kama can!"

Ya kama gefen fatar, yaron ya kama ɗaya gefen. Bijimi guda da gwanki guda, da hanta da tozo da komai, suka ja a ƙasa ta tsakiyar kasuwa, ta gaban masu gishiri da masu tukwane, kowa na kallo. Labaran bai sunkuyar da kai ba. Duk wanda ya haɗa ido da shi sai ya ce, "Diba da kyau, ka shaida!" Suka kai bayan kasuwa, ya juye a kwazazzabo. Ungulaye suka sauko tun bai saki fatar ba. Ya koma ya ɗauko gungumen da yake sara a kai ya wurga, ya bi shi da fatar.

Ya dawo gindin tsamiya hannu wofi, ya tsaya gaban Gidaɗo yana haki.

"Ko tsoka guda ba ta bar nan ba, Sarki, sai wadda tsohuwa ta zubas. In an ga wanda ya ci, a kawo shi."

Gidaɗo ya dubi mutane. Babu wanda ya fito. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wurin Shehu na ɗan Shehu ne. A share, a zuba sabon yashi. Talata mai zuwa ni zan tsaya a yanka a gabana." Ya juya. "Kai kuma Balarabe, daga yau kada wani ya sake bar maka amana."

Mutane suka watse. Balarabe ya koma yana korar ƙuda daga namansa, bai ɗago ba. Daniyel yana nan tsaye, rigarsa jage-jage.

"Maigida, in na koma Damaga na samo wani, sai ka biyo ni da wuƙa..."

Labaran ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ciro tsintsiya daga bayan tsamiya ya cusa masa a hannu.

"Shara," ya ce. "Ka fara daga can."