Gidan Zanzaro a Bayan Fanka

Malam Ukasha na Kurmin Kogi bai taɓa ɗora hannu a kan kwamfutar ba sai ranar da ya ɗaure ta a bayan babur. Ta ɗansa ce, Uwaisu, mai ɗaukar bidiyon biki da suna daga Ikara har Kudan, wanda motar rake ta take a hanyar Makarfi. Ya bar matarsa, Firdausi, da ciki. Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yan tsohon. Abin da ke cikin Firdausi shi ne ragowar gidan.

Firdausi tana takaba, ba ta fita. Kullum da hantsi, in sola ta kawo wuta, sai ta kunna kwamfutar ta sa ɗaya daga cikin bidiyon mijinta. Ba ya fitowa a ciki, tunda shi ke riƙe da kyamara, amma ana jin muryarsa daga baya yana cewa mutane su matso, su ɗaga kai. In ta ji wannan muryar sai ta ci abinci. Da damina ta kankama, akwatin kwamfutar ya fara ɗaukar zafi yana mutuwa da kansa. Da farko yana kai rabin bidiyo. Daga baya ko gaisuwa ba a gamawa. Firdausi ta koma ture kwano gefe.

Mairo, matar Malam Ukasha, ta same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya.

"Malam, yarinyar nan ƙashin wuyanta ya fito. Ruwa kawai take sha. A kai abin nan a gyara, ko mu rasa biyu."

Ya ajiye fartanyar. Da safe ya nemo igiya.

Shagon gyaran yana bayan tasha a Ikara. Mai shi Ilisha ne, mutumin kudancin Kaduna, abokin marigayin. Ya durƙusa ya gaida tsohon, ya sake yi masa gaisuwar rashi, ya tambayi gona da mutanen gida, sannan ya kwance murfin akwatin. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi daga ciki.

"Baba, zo ka ga ɗan hayarka."

Malam Ukasha ya leƙa. A tsakiya akwai fanka baƙa, zaune a kan wani ƙarfe mai tsage-tsage kamar matsefi. Zanzaro ya yi gini a jikin ƙarfen, jar laka ɗaki bisa ɗaki, har ya tokare fiffiken fankar.

"Ƙwaƙwalwar injin tana ƙarƙashin wannan ƙarfen," in ji Ilisha. "Ita ke yin zafi. Ƙarfen ya tsotse, fanka ta hure. To ga maigida ya zo ya toshe musu hanci. Bari in kankare."

Ya ɗaga sukundireba. Tsohon ya kama masa wuyan hannu.

"Ba a fasa shi. Akwai ciki a ɗakin."

A gidan su Malam Ukasha haka aka taso. In zanzaro ya yi gini a ɗakin mai ciki, tare suke ginin, ba a taɓa shi sai ta sauka. Yana saurayi matar wansa, tana da ciki, ta kankare wani da bakin muciya, ya kuma ga abin da aka fito da shi a tsumma kafin sati ya zagayo.

Ilisha ya yi dariya. "Baba, limaminku zai ce camfi ne. Fastonmu ma haka."

"Ba jikan liman ba ne."

"To sai dai a cire fankar gaba ɗaya da gininta, a sa sabuwa."

Ya jawo durowa ya fito da fanka guda biyu. Ɗaya doguwa ce, da bututun jan ƙarfe a jikinta, fankarta kamar faifai. Ɗaya gajera, mai faɗi, ba ta fi tafin hannu ba.

"Wannan doguwar ita ce sarauniya. Tana sanyaya injin bidiyo yadda ya kamata, kuma ba ta da ƙara. Da Uwaisu ne mai zaɓin, ita zai ɗauka. Akwai mai aiki da ruwa, amma sai an aiko daga Kano."

"Ruwa a cikin wuta? Bar wannan."

"Gajerar kuma ƙafafunta sun dace da ramukan, za ta zauna. Sai dai da ƙyar za ta riƙe zafin, ga ihu kamar injin markaɗe. Za ta danne muryar da ake son ji."

"In an sa doguwar, ina tsohuwar za ta zauna?"

"A waje mana. Akwatin ƙarami ne, da ƙyar ma murfin zai rufu. Ka ɗora ta a kan taga."

"Ba a taga ya gina ba."

Ilisha ya buɗe baki zai yi gardama, ya ɗora ɗan yatsa a kan ginin don ya nuna yadda ya cika wuri. Sai ya janye hannun da sauri.

"Yaushe aka kashe injin nan?"

"Tun jiya."

"Kuma a iska ka taho da shi."

Ya taɓa ƙarfen. Sanyi ƙalau. Ya sake taɓa lakar. Da ɗumi, irin ɗumin ƙwai da kaza ta tashi a kai yanzu. Ya bar yatsan a wurin, fuskarsa ta sauya, kamar mai sauraron wani abu ta fata. Wani zanzaro ya shigo ta ƙofa, siriri, mai jan ƙugu, ya wuce kawunansu ya sauka a gefen akwatin. Bai yi yawon neman hanya ba.

"Gajerar," in ji Malam Ukasha. "Tsohuwar ta zauna a ciki kusa da ita. In ƙara ya yi yawa, yarinyar ta ƙara murya."

Ilisha bai sake zolaya ba. Ya murɗa ƙafafun tsohuwar fankar ɗaya bayan ɗaya. Man da ke tsakanin ƙarfen da ƙwaƙwalwar ya bushe ya kama kamar ƙaro. Ya girgiza a hankali, ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi kaɗan. Ta saki gaba ɗaya, gefenta ya bugi jikin akwatin.

Ƙarar ba ta kai ta fasa gyaɗa ba. Babban ɗakin ginin ya tsage daga sama.

Waya ta yi ƙara a aljihun tsohon. Mairo ce.

"Malam, faya ta fashe. Yanzu-yanzu, tana zaune. Watanta bai cika ba, Malam. An tafi kiran ungozoma."

Ya mayar da wayar aljihu. Ta cikin tsagar ana hangen wani abu fari-fari a naɗe, yana motsi a hankali. Bai tsaya kallo ba. Ya fita ƙofar shago, ya tsuguna a bakin kwatamin da ruwan jiya ya bari, ya yago jar laka, ya kwaɓa da yawunsa a tafin hannu. Ya dawo ya yi bismillah, ya shafe tsagar, ya danna da babban yatsa. Zanzaron ya taso ya sauka a kan farcensa. Bai harbe shi ba. Ya sunkuya ya shiga lailaye gefen lakar da bakinsa, su biyu a kan aiki ɗaya.

"Baba, wallahi ba da gangan ba," in ji Ilisha.

"Yi aikinka."

Ilisha ya goge ƙwaƙwalwar, ya ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake, ya zaunar da gajerar ya danna ƙafafunta. Tsohuwar kuma ya ɗaure ta da waya a kusurwar akwatin, ginin yana kallon sama. Ya haɗa wuta. Fankar ta ɗauki ihu. Allon ya haska, bidiyon da aka bari ya ci gaba daga inda ya tsaya: wani taron suna, maza a kan tabarma. Muryar Uwaisu ta fito daga bayan kyamara.

"Baba, riƙe shi da kyau. Tallabo masa kai."

Ilisha ya kashe. "Wani tsoho yake wa magana. Taron sunan wasu ne a Dandamisa, ina wurin."

Malam Ukasha ya cire rawaninsa ya naɗe akwatin, ya ɗaure a babur. Hanyar Kurmin Kogi duk ramuka ce da taɓo. Inda ta yi muni sai ya sauka ya tura. Zuciyarsa na cewa ya yi gudu, amma duk girgiza ɗaya sai ya ji ta a haƙoransa.

Ya iso bayan la'asar. Takalman mata sun cika ƙofar gida, amma ba a jin maganar kowa. Ya miƙa akwatin ga wata maƙwabciya ya ce a ajiye shi inda yake, kada a jingina da komai. Ya zauna a zaure ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Can sai ga kuka. Siriri, yana yankewa, yana dawowa.

Mairo ta fito da ƙunshin zane a ƙirji. Ba ta yi guɗa ba, ba ta ce barka ba.

"Namiji ne. Ƙarami, amma yana numfashi. Uwar ma lafiya." Ta matso kusa, ta rage murya. "Malam, duba nan."

Ta janye zanen daga kan jaririn. A maɗigarsa, inda fata ke bugawa, akwai shafen jar laka, ya fara bushewa. A tsakiyarsa ga zanen babban yatsa.

"Ungozoma ta ce da shi ya fito. Ba wanda ya taɓa ƙasa a ɗakin. Ta sa ruwa a wuta za ta wanke."

"Kada ta wanke. A bar shi ya faɗi da kansa."

Ya miƙa hannu biyu ya karɓi jikansa. Ya kai bakinsa kunnen dama, ya fara kiran salla a hankali.