Ƙwan Zabin Matan Guna

Ni Ɗan Azumi, injin ƙyanƙyasa gare ni a bayan gida, nan Damagaram. Da damina matan ƙauyen Guna kan kawo mini ƙwan zabi, kwana ashirin da takwas su dawo su kwashi 'ya'ya. Bana ƙwai dubu da ɗari biyu na zuba.

Zainaba, ɗiyar ƙanwata, ita ta yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai. Ta haɗa mini wata 'yar na'ura mai gadin zafin injin, in ya wuce kima ta aiko saƙo a wayata. Ta ce mai gadin yana zaune cikin wani abu wai kwantena, an yanka masa ƙwaƙwalwa daidai cikinsa. In ta cika, hanya biyu ce: ko ya riƙa jibge kaya a faifai, wai suwap, yana jan jiki, ko a hana shi, ya faɗi nan take ya tashi sabo cikin daƙiƙa ashirin. Ita ta hana shi.

Sai wayata ta dame ni. Mai gadin ya faɗi, ya tashi, sau uku a wuni, kowace faɗuwa da saƙonta. Ina cikin mutane abu na ta ƙara. Na kira ta na ce ban taɓa ɗaukar mai gadi mai farfaɗiya ba, ta buɗe masa faifan.

"Kawu, wanda ya faɗi ka san ya faɗi. Mai jan jiki fitilarsa kore ce, ba za ka gane ba."

Na ce injin wa? Ta buɗe.

Kwana tara ban ji ƙara ba, har na yi mata gori a gaban uwarta.

Ran kwana na ashirin da biyar na tafi jana'iza Takieta. Fankar injin ta tsaya wajen sha ɗaya na safe. Saƙo bai iso ba sai bayan la'asar, ina cikin mota. Da na iso gida na buɗe ƙofar injin, zafin ya bugi fuskata. Na fasa ƙwai goma. Duk da gashinsu, baki ya fito, ba mai motsi.

Washegari Zainaba ta zo ta duba, ta ce mai gadin ya ga zafin tun farko, yana ta lalube a faifai. 

Kowace mace da alamarta a jikin ƙwai, wata gawayi, wata lalle, wata shuni. Na zauna a tabarma na ware su kashi-kashi. Na Kulu, gwauruwar da ta fi kowa kawowa, ɗari da arba'in. Jibi za su zo da kwandunansu.