Fatar Salihu

Ina tsoron allura. Na haura hamsin, ina da furfura da tebur nawa na kaina a sakatariya, amma da zarar nas ta fasa kwalbar magani sai in tuna ina da taro. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka jarumta ce ta sa ni abin da na yi.

Salihu ɗan ƙanwata Furera ne. Tun yana firamare yake sara wa duk mai kaki, har masu gadin banki. Ya ci jarrabawar shiga makarantar hafsoshin soja, ya tafi tantancewa, aka auna tsawo da ƙirji da ido, duk lafiya lau. Bana ce damarsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce. Sai ga shi ya dawo Ƙofar Marusa da jakarsa, ya zauna a zaure ya ƙi cin abinci.

"Kawu, jinina suka kasa ɗiba," in ji shi.

"Ba ka da shi ne?"

"Allurar ce ba ta shiga, lanƙwashewa take. Aka canza allura, aka canza likita. Babbansu ya ce ba zai sa hannu a kan wanda bai ga jininsa ba. In ban koma kafin a rufe tantancewa ba, shi ke nan."

Na yi dariya, na aika a kira maƙwabciyarmu Naomi, nas ce da ta daɗe a aikin. Ta ɗaure masa dantse, jijiya ta fito raɗau, ta soka. Ni na juya baya, don haka ƙarar kawai na ji, ƙis, kamar an taɓa faranti da cokali. Ta sake, ta kuma sakewa. Daga nan ta tattara kayanta a hankali.

"Malam Mahmud, ni ban ga komai ba," ta ce, ta fita ba ta jira godiya ba.

Sai a lokacin Furera ta yi magana, kanta a sunkuye. Kakan Salihu na wajen uba ɗan tauri ne, cikin masu wasa da wuƙa ba ta kama su. Da yaron ya warke daga kaciya, tsohon ya ɗauke shi ya kwana biyu da shi a Ƙofar Guga. Tun daga nan bai taɓa yankewa ba, bai kuma yi ciwon da ya kai ga allura ba. Ita ta ɗauka sa'a ce.

Na sa babbar riga na tafi GRA wajen Kanar Bulus mai ritaya, wanda muke gaisawa a wajen ɗaurin aure, in ji ko akan ɗaga ƙafa.

"Akan ɗaga, a kan ɗan tabo ko haƙori, in hukumar likitoci ta ga dama," ya ce. "Jini kuwa dole a gan shi."

"Yallaɓai, sojan da ƙarfe ba ya kama shi fa na kawo muku. Ai ku ya kamata ku zo gida da goro."

Bai yi dariya ba. Ya maida kallonsa ga bishiyar mangwaron da ke tsakar gidansa.

"Na taɓa ganin irinsu a daji," ya ce. "Ba a rubuta musu sassauci, don ba likitan da zai rubuta cewa ya gani. Ku je a kwance masa."

Kakan Salihu ya rasu, amma matarsa Inna Asabe tana nan, ta makance. Muka je bayan la'asar. Ban gama sallama ba ta ce, "Salihu, sun maido ka ke nan," alhali ba wanda ya gaya mata. Muka gaisa, gida, gajiya, jiki, ta amsa duka ba ta gaggauta ba.

"Ana kwance shi," ta ce, "amma ba a zubar da shi ƙasa. Sai wani na jini shi karɓa. Mi ka gani, Mamuda?"

Na yi lissafina na ma'aikacin gwamnati: yaro ya samu kaki, ni kuma na rabu da allura har abada. Na ce na karɓa, har da dafa ƙirji, Furera ta yi ta sa mini albarka.

Tsohuwar ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo ƙwarya da wata wuƙa mai tsatsa. Ta sa Salihu ya wanke hannuwansa a kan wuƙar, ruwan ya taru a ƙwaryar, ta miƙo mini daidai inda nake zaune. Ana zafi ranar, amma ruwan sai da ya kama mini haƙora don sanyi, ɗanɗanonsa kamar na tsotsi tsohon makulli. Kajin da ke tsakar gida suka yi tsit, ban ji sun sake motsi ba har muka tafi.

Ta zare allurar ɗinki daga gefen zanenta ta taɓa yatsan Salihu. Jini ya tsatso. Ya tsaya yana kallonsa kamar baƙon da bai san inda zai saukar ba.

"To, ka zama abin yanka kamar kowa," ta ce masa. Sannan ta juyo da fararen idanunta wajena. "Kai kuma Allah shi ba ka lafiya, Mamuda. Shi ba ka lafiya ƙwarai."

Na ce amin, ina jin daɗin an yi mini addu'a sau biyu.

Salihu ya koma a kan lokaci, aka ɗebi jininsa, aka ɗauke shi. Ya turo hoto da aski ƙwal da kaki mai girma fiye da shi, ya ce an fara koya musu harbi. Ni kuma na ci gaba da zama a bayan tebur da fatar da ta fi ƙarfin wuƙa, inda abu mafi kaifi shi ne ƙusar haɗa takardu.

Makon jiya na faɗi a ofis. Likita ya auna fitsarina, ya ce ciwon suga ne, ya wuce na ƙwaya, sai allura safe da yamma. Naomi ta zo ɗazu, ta lanƙwasa biyu.